Me Kuka Ajiye a Can Sama? Tsokaci a Kan Hawan Dutse Don Nishaɗi

Gabatarwa

A wani hutun ƙarshen shekara, sa'ad da hunturu ya kankama, mu da waɗansu abokan aiki da ɗalibai 'yan kaɗan muka yi shirin tafiya tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Niyyarmu ita ce mu hau Chappal Waddi, watau dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,419, yake kuma zaune a kan iyakarmu da Kamaru, a kudancin Gandun Dajin Gashaka-Gumti. Muka bi ta Serti, muka wuce Mayo Selbe inda hanyar mota take fara naɗe jikin tsauni kamar rawani, muka kwana a Nguroje. Da gari ya waye 'yan acaba suka kai mu iyakar inda babur yake iya zuwa. Daga nan sai ƙafa.

Ba mu yi nisa ba sai muka yi kiciɓis da wata tsohuwa tana haurowa daga kwari, da damin itace a ka. Ta tsaya ta ƙare mana kallo ɗaya bayan ɗaya, mu da jakunkunanmu da sandunanmu da gorunan ruwanmu, sa'annan ta yi wa jagoranmu magana da Fulatanci, wanda shi ne harshen hulɗa a wannan yanki. Jagora ya yi murmushi, ya ce tambaya take yi: "Me kuka ajiye a can sama da za ku je ɗaukowa?" Muka ce ba mu ajiye kome ba. Ta ce, "To, shanunku ne suka ɓace?" Muka ce a'a. "Magani kuke nema?" A'a. "Gwamnati ce ta aiko ku?" Muka ce ba wanda ya aiko mu, hawa kawai za mu yi, mu gani, mu sauko. Ta gyara zaman gammonta, ta ce Allah ya ba mu lafiya, ta wuce. Babu wanda bai gane ba a cikinmu cewa irin addu'ar da ake yi wa majinyaci ce ta yi mana.

A lokacin dariya muka yi. Amma tambayar ta bi mu har ƙololuwa, ta sauko tare da mu, har yau kuma ba ta rabu da mu ba. Wannan maƙala ƙoƙari ce ta ba ta amsa. Tambayar tana da rassa biyu. Na farko, shin ya dace mai hankali ya sayi wahala da kuɗinsa, ya kuma kira ta hutu? Na biyu, wanda ya fi nauyi, idan wahalar da mutum yake wasa da ita ita ce rayuwar yau da kullum ta waɗansu bayin Allah, wane haƙƙi ne nasu ya rataya a wuyansa?

Yawo da Dutse a Idon Bahaushe

Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja neman goro, su shafe watanni a hanya da jakuna da takarkarai. Waɗansu kuma suka ratsa irin waɗannan duwatsu na ƙasar Adamawa har Banyo da Ngaundare. Alhazan da sun bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, wani ya yi shekaru kafin ya ga Bahar Maliya. Sai dai kowace tafiya daga cikin waɗannan tana da sunanta, sunan kuma shi ne dalilinta: fatauci, hajji, neman ilimi, ci-rani, ziyara, gudun hijira.

Tafiyar da ta rasa dalili ita ake kira yawo, kuma in mai karatu ya dubi kalmomin da suke raɓar wannan kalma zai ga ba a ɗauke ta da daraja ba: yawon banza, yawon dandi, yawon duniya, yawon ta-zubar. Ga kuma 'yan'uwanta, gantali da ragaita da gararamba. Ko "shan iska", wanda ya fi su sauƙin laifi, bai kuɓuta sarai ba, domin iskar da ake sha ita ce dai take cikin "ɗan iska". Da zamani ya kawo baƙi masu zuwa kallon ƙasa, sai da aka ƙirƙiro "yawon buɗe ido", watau aka liƙa wa yawon wata manufa don ya sami shiga cikin mutane.

Shi ma dutse ba wurin wasa ba ne a tunaninmu na gargajiya. Ko dai mazaunin iskoki ne, ko kuwa mafakar wanda aka koro. Tarihin Kano ya nuna mana Barbushe zaune a kan Dala yana hidimar Tsumburbura, jama'a suna jiran abin da zai sauko ya faɗa musu. Kufena a Zazzau da Kwatarkwashi a Zamfara duk an san su da irin wannan kwarjini. Ta fuskar mafaka kuwa dalilin a fili yake: doki ba ya hawan dutse, saboda haka duk al'ummar da mahara suka matsa wa sai ta haura sama. A tsakiyar ƙarni na 19 waɗansu malaman Kano da suka saɓa da hukuma a duwatsun Ningi suka fake. Mutanen Sukur, a duwatsun Mandara, sun gina gonaki hawa-hawa a jikin dutse, suka shimfiɗa hanyoyi da falalen duwatsu, aikin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Duk wanda ya hau dutse a da, ke nan, ko yana neman wani abu ne, ko kuwa wani abu ne yake nemansa. Ashe tambayar tsohuwar nan tambayar kakanninmu ce.

Asalin Al'adar

Kada mai karatu ya zaci Turawa da wannan ɗabi'a aka halicce su. Su ma sun daɗe suna ɗaukar manyan duwatsu a matsayin wuraren tsoro, waɗanda ba a ratsa su sai dole. Labarin da masana adabinsu suka fi ambata a matsayin mafari shi ne na mawaƙin Italiya Petrarch, wanda ya bayyana a wata wasiƙa yadda ya hau dutsen Ventoux a kudancin Faransa ranar 26 ga Afrilu, 1336, ba don kome ba sai sha'awar ganin abin da ake hangowa daga sama. Abin mamaki, shi ma ya gamu da nasa tsohon, wani makiyayi da ya yi ƙoƙarin hana shi, yana cewa ya taɓa hawa tun yana saurayi, bai samo kome ba sai nadama da yagaggun tufafi. Da Petrarch ya kai ƙololuwa sai ya buɗe littafin Augustine da yake ɗauke da shi, idonsa ya faɗa a kan wurin da ake zargin mutane da zuwa kallon duwatsu da tekuna alhali sun manta da kawunansu. Ya sauko jikinsa a sanyaye. Watau tun ranar da aka haifi wannan al'ada, tare da shakkar kanta aka haife ta.

Sai bayan fiye da shekara 400 abin ya kankama. A 1760 wani masanin kimiyya, Horace-Bénédict de Saussure, wanda daga zuriyarsa ne Ferdinand de Saussure na ilimin harsuna ya fito, ya sa lada ga duk wanda ya gano hanyar hawa Mont Blanc, dutse mafi tsawo a tsaunukan Alps. Aka shekara 26 ba wanda ya ci ladan, sai a 1786 mutum biyu 'yan kwarin Chamonix, likita Michel Paccard da mafarauci Jacques Balmat, suka kai ƙololuwa. A 1857 aka kafa ƙungiyar masu hawan dutse ta farko a Landan. Yana da kyau a lura da irin mutanen da suka cika ta: lauyoyi, malaman jami'a, limaman coci da 'yan kasuwa, watau waɗanda jirgin ƙasa ya ɗauke wa tafiya, ofis ya ɗaure su a kujera, hayaƙin masana'antu kuma ya rufe musu sama.

Darasin da ke nan shi ne, ƙafa ba ta marmarin tafiyar ganin dama sai ta huta da tafiyar dole. Haka abin yake a wurinmu. Mu da muka tafi Mambila duk masu albashi ne ko 'ya'yan masu albashi, masu zuwa aiki a mota, waɗanda likita ya fara yi wa maganar hawan jini da ciwon sukari. Iyayen da yawa daga cikinmu sun yi tafiyar kwana da kwanaki a ƙasa don zuwa makaranta ko kasuwa, kuma burinsu a duniya shi ne kada 'ya'yansu su sha irin wannan wahala. Ga shi burin ya cika, 'ya'yan kuma sun koma suna biyan kuɗi don a kai su su sha ta.

Abin da Dutse Yake Koyarwa

Duk da haka ba za mu yarda a jefa wannan tafiya cikin kwandon yawon banza ba, domin mun je mun gani, gani kuwa ya kori ji.

Abu na farko da hawa yake yi wa mutum shi ne ya tuɓe masa rigunan aro. A harabar jami'a akwai Farfesa, akwai Dakta, akwai ɗalibi, kowa ya san wanda zai fara gaida wani. Gangaren dutse bai san wannan tsari ba. Kafin azahar ɗalibin da ba ya iya ɗaga ido a aji shi ne yake miƙo wa malaminsa hannu a wurin tsallake rafi. Wani yaro makiyayi kuma, da bai fi shekara 10 ba, ya wuce mu a guje yana bin maraƙi a hawan da muka tsaya hutawa sau uku a cikinsa. Mutumin da ya saba a miƙe tsaye in ya shigo yana bukatar wurin da ba a san shi ba, ko da sau ɗaya a shekara.

Na biyu, akwai sanin da ba ya shiga ta ido ko ta kunne, sai ta tafin ƙafa. Mun yi shekara da shekaru muna koyar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, muna yi wa ɗalibai sharhi a kan tafiyar da mahaifiyar Umar ta yi tana neman ɗanta, muna zancen jigo, muna zancen salo. Sai da ƙafafunmu suka kumbura a rana ta biyu sa'annan muka fahimci abin da kalmar "zango" take nufi ga wanda ya wuni yana tafe, da dalilin da ya sa "sannu da hanya" da ƙwaryar ruwa suka zama farillan karɓar baƙo a ƙasar Hausa. Jiki magayi, in ji masu iya magana.

Na uku shi ne shiru. A can sama waya ba ta kamawa, ba ƙarar janareto, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa. Da asuba hazo yakan cika kwaruruka kamar an zuba madara a ƙwarya, kawunan duwatsu kaɗai ke leƙowa. Ba a ganin iyakar da ta raba Nijeriya da Kamaru, ko da yake a kanta muke tsaye. Wannan yanki ma sai a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama, ya zama Nijeriya. In mutum ya dubi wannan sai ya ji rigingimun da suka hana shi barci, na ƙarin girma da na kujerar shugaban sashe, sun koma daidai girmansu. Ba banza ba tarihin addini ya cika da duwatsu: Annabi Musa a Ɗuri Sina, Annabi Isa da yake keɓewa a kan dutse don addu'a, Annabi Muhammadu a kogon Hira, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su.

Na huɗu, wanda bai ga abu ba ba ya kishinsa. Daga waɗannan tsaunuka ne kogin Taraba da kogin Donga suke tasowa su zuba a Binuwai. Kurmin da ke cikin kwaruruka shi yake riƙe ruwan damina ya riƙa sakinsa sannu a hankali har rani, a cikinsa ne kuma birai nau'in cimfanzi suke fakewa. Ga mazaunin Makurɗi ko Lakwaja sare wannan kurmi labarin nesa ne, alhali wani kashi na ruwan da ke wucewa ta garinsa daga nan ya fito. Wanda ya taɓa durƙusawa ya sha daga idon ruwan da tafin hannunsa ba zai ƙara jin labarin da kunnen baƙo ba.

Wanda Ba Ya Cikin Hoto

To, amma duk waɗannan fa'idoji namu ne, mu masu hawa. Ba su taɓa reshe na biyu na tambayar ba. A nan tilas mu faɗi laifinmu da bakinmu.

A ƙauyen ƙarshe mun ɗauki 'yan dako. Wanda ya ɗauki kayanmu saurayi ne da bai wuce shekara 20 ba. Ya faɗi kuɗinsa, muka taya kamar muna cinikin atamfa, muka yi ta ja har ya sallama, muna murna mun iya ciniki. Abin da muka rage masa bai kai kuɗin katin wayar da ɗayanmu ya saya a Serti ba. Ya naɗa gammo, ya ɗora tanti da barguna da shinkafa da tukunya a ka, ya shiga gaba da silifan roba, mu kuma muna biye da takalma masu tsada muna nishi. A zangon farko sanyi ya sauko irin wanda ba mu taɓa ji ba. Muka shige tanti muka ƙudundune. Can tsakar dare uzuri ya fito da ɗayanmu, sai ya tarar da saurayin nan tsugune gaban wutar da ta kusa mutuwa, ya lulluɓa da buhun da aka zubo kaya a ciki. Tantin da ya wuni a kansa ba shi da wurin kwana a cikinsa, kuma ba wanda ya yi tunanin tambaya. Da muka kai ƙololuwa shi muka miƙa wa waya ya ɗauke mu hoto, saboda haka ba ya cikin ko ɗaya. Bayan mun dawo gida aka tambayi sunansa, aka rasa mai tunawa. Kwana uku muna ce masa "kai yaro".

Makanta ce ta jawo wannan, kuma tsohuwar makanta ce a tarihin wannan al'ada. Petrarch ya hau Ventoux tare da ƙanensa da barori biyu. Sunan ƙanen, Gherardo, ya iso mana, na barorin bai iso ba. A 1820 ƙanƙara ta zaftaro ta kashe jagorori uku 'yan Chamonix a kan Mont Blanc, a tafiyar da baƙi suka shirya. A 1953 Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka taka ƙololuwar Everest ɗaure da igiya ɗaya, amma Hillary aka ba sarautar "Sir", Tenzing aka sallame shi da lambar yabo. Ɗaruruwan 'yan dakon da suka kai kayan ayarin gindin dutsen kuwa, wa yake tuna su? Ranar 18 ga Afrilu, 2014, ƙanƙara ta rufta wa ma'aikata 16 'yan ƙasar Nefal a Everest, suna cikin kai kaya sama domin baƙin da ke jira a sansani. Baƙo yana fuskantar haɗari sau ɗaya don ya sami labarin bayarwa. Ɗan dako yana fuskantarsa kullum don ya sami abin sawa a baka.

Makantar ba ta tsaya ga mutum ba, har ƙasar ta shafa. In baƙo ya hau tudu ya hangi Mambila shimfiɗe kamar darduma, sai ya zaci ƙasa ce da ba kowa. Hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne. Kowane tudu yana da mai shi, ko masu jayayya a kansa. Sanyin wurin da ƙarancin ƙudan tsando sun jawo makiyaya da garkunansu a ƙarni na 20, manoman Mambila kuma suna nan da gonakinsu tun kafin haka. Ga gonar shayi a Kakara, ga itatuwan turare da aka dasa ko'ina. Shingen da baƙo zai tsallake bai lura ba, wataƙila an daɗe ana shari'a a kansa. An zubar da jini a kan wannan ƙasa a 2002, aka sake a 2017. Haka kuma Gandun Dajin Gashaka-Gumti, da aka kafa a 1991, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Nijeriya, ya tarar da mutane a cikinsa, aka keɓe musu wuraren zama da kiwo. Ba ma jayayya da amfanin gandun, mun riga mun faɗe shi. Amma ya kamata baƙon da ya yanki takarda ya shiga ya tuna cewa dokar da ta buɗe masa ƙofa ita ce ta taƙaita wa ɗan wurin farauta da kiwo da saran itace.

Azumi da Yunwa

Yaya za mu daidaita waɗannan biyu, fa'idar da muka tabbatar da laifin da muka amsa? A ganinmu mabuɗin yana cikin wani abu da kowa ya sani, watau bambancin azumi da yunwa. A cikin ciki su biyun abu ɗaya ne, hanji ba ya tambayar niyya. Amma mai azumi shi ya zaɓa, ya san lokacin da rana za ta faɗi, ya san abin da ke jiransa a akushi. Mai yunwa bai zaɓa ba, kuma ba ladanin da zai kira masa sallar shan ruwa. Wanda ya ce don ya yi azumi ya san talauci ya yaudari kansa. Sai dai malamai, na Musulmi da na Kirista, sun daɗe suna karantar da cewa daga cikin hikimomin azumi akwai tausasa zuciyar mai ƙoshi ga marar shi, kuma azumin da bai taɓa zuciya ba a ciki kawai ya tsaya.

Hawan dutse don nishaɗi azumin ƙafa ne. Mu da tsohuwar nan hanya ɗaya muka bi, gwiwoyinmu ciwo ɗaya suka yi, amma mu muna da lokacin shan ruwa: mota tana jiranmu a Nguroje, albashi yana jiranmu a banki. Ita kuwa gobe ma za ta hauro da wani damin. Saboda haka amsar reshe na farko ita ce i, ya dace mutum ya zaɓi wahala kamar yadda ya dace ya zaɓi azumi, domin akwai gyaran halin da ba ya samuwa a kan katifa. Amsar reshe na biyu kuma ita ce sharaɗin ta farkon. Wahalar da aka zaɓa tana da daraja ne gwargwadon yadda ta buɗe ido ga wadda ba a zaɓa ba. In mutum ya hau ya sauko bai ƙaru da kome ba sai hotuna da alfahari, to kakanninmu sun yi gaskiya, yawon banza ya yi, har ma ya ɗara, domin mai yawon banza a gari bai ɗora wa kowa kaya ba.

Wani zai iya cewa, ai gara ke nan mu zauna gida, mu bar mutanen dutse da dutsensu. Wannan ma ba mafita ba ce. Saurayin nan yana bukatar aikin, mai shago a Nguroje yana bukatar ciniki, gandun daji yana bukatar masu ziyarar da za su tsaya masa. Wanda ya ƙaurace wa mutum don gudun zaluntarsa hannunsa kawai ya wanke, bai biya haƙƙi ba. Tarihi kuwa ya nuna akwai wata hanyar. Shekara ɗaya bayan haɗarin 1820 aka kafa ƙungiyar jagororin Chamonix, aka tsara musu aiki bi-da-bi, aka kuma buɗe asusun taimakon wanda ya ji rauni da iyalan wanda ya rasu. Ƙungiyar tana nan har yau. Shi ma Hillary bai tsaya ga sarautarsa ba, ya yi ta komawa ƙasar Sherpa har tsufansa yana gina makarantu da asibitoci, makarantar farko a ƙauyen Khumjung a 1961.

Kammalawa

Ba mu da ƙarfin gina asibiti, amma abin da ke wuyanmu bai kai haka nauyi ba. A biya ɗan dako abin da zai ishe shi, a daina gwada gwanintar ciniki a kan wanda ba shi da zaɓi. A auna kayan kafin a ɗora masa. A ƙidaya shi cikin masu bargo da masu cin abinci tun ana lissafin guzuri. A tambayi sunansa, a kira shi da shi. A yi sallama ga mai gari kafin a ratsa ƙasarsa, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum. A dawo da leda da gwangwani cikin jakar da ta kai su, a kashe wuta sarai, domin guntun garwashi a ciyawar rani yana iya cinye makiyayar ƙauye guda. Duk waɗannan ladubban baƙunta ne da aka koya mana tun muna yara, muka manta da su don kawai mun sa takalmin hawan dutse.

Annabawan da muka ambata ba su tare a kan dutse ba. Kowannensu ya sauko, kuma abin da ya sauko da shi na mutanen da ke ƙasa ne. Wannan shi ne ma'aunin da muke ba ɗalibanmu da duk mai niyyar irin wannan tafiya: a auna ta da abin da aka sauko da shi, da kuma wanda ya amfana.

Ba mu sake gamuwa da tsohuwar ba a hanyar dawowa. Da mun gamu da ita, da mun ce mata, "Inna, gaskiyarki, ba mu ajiye kome a can sama ba. A nan ƙasa muka yi ajiya muka manta, sai da muka hau muka tuna." Muna shirin komawa baɗi in Allah ya kai mu, kuma aikin farko da ke gabanmu, kafin a ɗaura takalmi, shi ne mu nemi saurayin nan a ƙauyensu, mu tambayi sunansa, mu cika masa kuɗinsa.